Yadda Za Ka Tarbi Tsufa In Ya Fara Yi Maka Ba-zata

Ina da shekara 44 ranar da kafar allura ta ɓace mini. Ni tela ne, tun ina ɗan shekara 17 nake kan keke, kuma zura zare abu ne da nake yi ina hira, ko kallon kirki ba na yi masa. Ran nan da yamma na lashi bakin zare, na murza shi, na kai, ya wuce ta gefe. Na sake, ya sake wucewa. Na matso da allurar kusa da ido, sai ta ƙara yin dishi-dishi. Da na miƙa hannu nesa, sai ga kafar ta fito garau, amma ta yi ƙanƙanta har zaren ba ya samun ta. Yaron da ke koyon aiki a wurina ya tsaya yana kallona, ga ni da hannu a miƙe kamar mai nuna wa baƙo hanya. Muka haɗa ido, dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya.

Yau shekarata 63, kuma irin wannan ba-zata ta zo mini ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Abin da na fahimta shi ne, tsufa ba ya shigowa da ganga. Kaɗan-kaɗan yake zuwa, kuma yawancin saƙonninsa na farko abin dariya ne. Ka yi dariyar, tana da amfani, tana cire tsoro. Amma bayan ka gama, ka tsaya ka tambayi kanka abu biyu: mene ne ya canza a jikina, kuma me zan gyara? Wanda ya yi dariya ya wuce, da wanda ya ji kunya ya ɓoye, duk hasara ɗaya suke yi. Ga yadda nake bi da kowanne, da abin da na koya daga likitoci da kuma karance-karance.

Mu fara da ido, tunda shi ya fara da ni. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai taushi da ke lanƙwasa don ka ga abin da ke kusa. Tun muna yara yake ƙara tauri, sai dai ba ma lura sai tsakanin shekara 40 zuwa 45. Yaro ɗan shekara 10 yana ganin abu garau ko da tazararsa da ido ba ta kai santimita 10 ba. Ɗan shekara 60 kuwa, in ba tabarau, sai abin ya yi nisan kusan mita guda. Shi ya sa za ka ga dattijo yana nesanta waya da fuskarsa har iyakar tsawon hannu. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba ta barin kowa.

Ni sai da na yi shekara biyu ina gardama kafin na yarda na sa tabarau, kuma shekara biyun nan na yi su ne da ciwon kai kowace yamma. Kada ka bi sahuna. Ka je a auna maka ido, ba wai ka ari na abokinka ka gwada ba. Dalilin zuwa ya wuce maganar tabarau: a nan ne za a duba maka hawan jinin ido, wanda ke cin gani daga gefe ba ciwo ba ƙaiƙayi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. A nan kuma za a ga ko yanar ido ta fara. Ka sani cewa lambar tabarau za ta riƙa hawa, daga wajen +1.00 har zuwa +2.50 ko sama da haka kaɗan, kafin ta tsaya a wajen shekara 65. Saboda haka in naka ya daina yi maka aiki bayan shekara biyu ko uku, kada ka zargi tabaraun, idon ne ya matsa gaba. In hali ya yi, ka mallaki guda biyu: ɗaya a wurin aiki, ɗaya a gefen gado. Ni na sa wa nawa igiya na rataya a wuya tare da tef ɗin awo, tun daga nan na huta da nema.

Sannan ka ƙara haske. Hasken da ke isa can cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan shekara 20 ba. Na daɗe ina faɗa da yara cewa sun sayo ƙwan fitila marar ƙarfi, ashe ƙwan bai yi laifin komai ba. Yanzu akwai ƙaramar fitila a jikin kekena, tana haska daidai inda allura ke sauka, kuma baƙin yadi ba na ɗinka shi sai da hantsi.

Kunne kuwa wayo ne da shi. Ba ya toshewa gaba ɗaya, ƙananan sautuka masu kaifi yake fara zubarwa, irin su “s” da “f” da “sh” da “ts”. Sai ka riƙa jin murya sarai amma kalmar ta zo maka a gutsure, ƙwaƙwalwa kuma ta cike giɓin da abin da ta ga dama. Wata rana keke na gudu, yarona ya leƙo ya ce, “Maigida, mai fata ya zo.” Ni kuwa abin da na ji shi ne “mai sata ya zo.” Na miƙe zumbur da almakashi a hannu, sai ga bawan Allah tsaye da ƙunshin fatarsa yana yi mini sallama. Har yau in muka haɗu sai mun tuna mun dara.

Amma na ɗauki darasi. In ana yi maka magana, ka tsayar da abin da ke ƙara, rediyo ne ko inji, ka juyo ka fuskanci mai maganar, don ido na taimakon kunne fiye da yadda muke zato. Ka gaya wa iyalinka su daina ƙwala maka magana daga wani ɗaki. Ka ce musu ihu ba ya taimako, abin da ake so su sassauta gudu, su furta kalma cikakkiya. Babban abin da nake roƙonka shi ne kada ka koyi gyaɗa kai kana murmushi alhali ba ka ji ba. Na ga abokai da suka fara da haka, a hankali suka daina zama cikin mutane, aka riƙa cewa sun zama miskilai, alhali kunne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana su walwala. Ka je a duba. Wani lokaci daudar kunne ce kawai ta taru, a wanke maka ka dawo kana jin motsin agogo. In kuma ji ya ɗauke maka farat ɗaya a kunne guda, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ka nemi likita.

Tunda muna kan kunne, in ka ga naka kamar ya ƙara tsawo, ba idonka ba ne. A 1995 wani likita a Ingila, James Heathcote, shi da abokan aikinsa sun auna kunnuwan mutum 206, suka ga kunne na ƙara kimanin milimita 0.22 a shekara. Gashi kuma yakan bar tsakiyar kai ya ɓullo a kunne da hanci da gira. Ɗan ƙaramin almakashi mai dunƙulallen baki ya isa. Ka datse, kada ka tsige, musamman na hanci.

Yanzu ga wanda ya fi tsorata mutane. Ka tashi daga inda kake da niyya, ka shiga ɗaki, ka tsaya a tsakiya, ka rasa me ya kawo ka. Farkon da abin ya yawaita gare ni ban gaya wa kowa ba, na riƙa kwana da shi a rai. Sai daga baya na san cewa ƙofar ma tana da hannu a ciki. Gabriel Radvansky na Jami'ar Notre Dame a Amurka ya wallafa bincike a 2011 da ya nuna cewa ratsa ƙofa na sa mutum ya manta abin da yake riƙe da shi a ka, domin ƙwaƙwalwa na ɗaukar sabon ɗaki a matsayin sabon babi, sai ta rufe na baya. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, da ɗalibai matasa aka yi gwajin. Su ma suna yi, mu dai mun fi lura ne saboda muna jin tsoro.

Maganinsa mai sauƙi ne. Kafin ka tashi, ka faɗi abin da za ka ɗauko a bayyane: “alli, alli.” In ya ɓace duk da haka, koma inda ka taso, sau da yawa a bakin ƙofa zai tare ka. Makulli, waya da tabarau, kowanne ka yanka masa wurin zama guda, kada ka ajiye shi ko'ina sai nan, ko da kana sauri. Sunan mutum in ya maƙale a harshe, kada ka bi shi da gudu. Yawan matsawa na sa wani suna mai kama da shi ya tare hanya. Ka ci gaba da gaisuwa, ka saki zancen, zai faɗo da kansa, ko da bayan mutumin ya tafi ne. Ni kan ce, “Ɗan'uwa, fuskarka na sani sarai, sunan ne ya ɓuya, tuna mini.” Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi ba.

Sai dai akwai mantuwar da ba ta dariya ba ce, kuma ya kamata kai da iyalinka ku san bambancin. Manta inda ka ajiye makulli daban, riƙe makulli ka rasa amfaninsa daban. Ɓata a hanyar da ka shekara talatin kana bi, maimaita tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, rikicewa a lissafin da ka saba yi ido rufe, waɗannan na likita ne. Kada tsoro ya hana zuwa, domin wasu dalilan suna da magani: ƙarancin bitamin B12, wani maganin da ake sha, rashin barci, ko damuwa mai nauyi.

Akwai wata kalma da ban taɓa koyo ba amma ta zo bakina da kanta. Ina tashi daga kujera sai na ji na ce “wash!”, da irin muryar mahaifina sak, har da dafa gwiwa irin tasa. Na tsaya cak. Jikata da ke kusa ta ce, “Kaka, me ya cije ka?” Ba abin da ya cije ni. Ƙarfin cinya ne ya ragu ban sani ba. Daga shekara 30 tsokar jiki na raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, kuma bayan 60 abin na ƙara sauri. Mai sana'ar zama irina ya fi kowa shiga wannan.

A nan ne na fi son ka saurare ni, domin a nan ne gyara ya fi yiwuwa. Tsoka tana amsa kira ko a shekara 80. Samu kujera mai ƙarfi marar taya, ka jingina ta da bango. Zauna, rungume hannuwanka a ƙirji, ka miƙe tsaye ba tare da dafa komai ba, sannan ka koma a hankali, kada ka faɗa mata. Yi sau 10, ka huta, ka ƙara 10. Ranar da na fara, a na bakwai cinyata ta fara rawa. Bayan wata biyu ina yin 15 sau uku ba haki, “wash” ɗin ma ya ragu, ko da yake bai tafi duka ba. In ba za ka iya ba dafawa ba, dafa, a hankali za ka saki. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar tafiyar sauri ta minti 30 kwana biyar, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wanda ya kai 65 kuma ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku.

Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Gwada tsayawa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10, kusa da bango don ka samu abin kamawa. A 2022 wani likita ɗan Brazil, Claudio Gil Araújo, da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon gwada mutum kusan 1,700 masu shekara 51 zuwa 75, kuma ɗaya cikin biyar bai iya ba. Ni a ƙafar dama na yi, ta hagu ta ƙi. Yanzu kullum in ina jiran dutsen guga ya yi zafi, da ƙafa ɗaya nake jira, rabi dama rabi hagu. Ƙarar gwiwa kuwa, wannan ƙas-ƙas ɗin da ke sanar da mutanen gida ka taso, in ba ciwo ba kumburi, yawanci ba komai ba ne. In akwai ciwo, ko kumburi, ko gwiwa na sarƙewa, a duba.

Wani abin mamaki kuma littafin awona ne ya nuna mini shi. Ina da littattafai na sama da shekara talatin, kowane mai kawo ɗinki da shafinsa. Wani dattijo da na daɗe ina yi wa aiki ya dawo da wando yana cewa na yi masa tsawo, yana share ƙasa. Na buɗe shafinsa, awon nan dai shi ne wanda muke amfani da shi tun tuni. Na ce, “Baba, bari mu sake gwadawa.” Da na ja tef daga kafaɗa zuwa ƙasa, sai ga shi ya ragu da fiye da inci guda, ƙugu kuma ya ƙaru, wandon ya sauka ƙasan ciki. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ina sauran ya tafi?” Muka yi dariya, da ya tafi na auna kaina, ni ma na ragu. Tsakanin ƙasusuwan baya akwai wasu 'yan matasai masu riƙe ruwa, da shekaru sukan bushe su lotsa. Bayan shekara 40 mutum kan rasa kamar santimita guda a duk shekara goma. Saboda haka ka sa a sake auna ka kafin sabon ɗinki, kada riga ko wando su riƙa harɗe maka ƙafa. In kuwa raguwar ta kai santimita 4, ko ta zo da sauri, ko baya ya fara dosa gaba, a duba ƙarfin ƙashi. Mata bayan ɗaukewar al'ada sun fi buƙatar kula da wannan.

Barci ma ya canza sheƙa. Da can sai an tashe ni, yanzu ƙarfe huɗu ido ya buɗe tar, da ƙarfe tara na dare kuma ina gyangyaɗi ana tsakiyar hira. Agogon jiki ne ya matso gaba, barcin kuma ya rage nauyi. Kada ka kwanta kana juyi kana faɗa da shi. Ka tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, ka samu hasken rana da safe, barcin rana kuma kada ya wuce minti 30. Tashi fitsari sau ɗaya a dare ba abin damuwa ba ne a shekarunmu. Ka sha ruwa sosai da rana, ko ba ka ji ƙishi ba, domin jin ƙishirwa ma na dusashewa da shekaru, sannan ka rage sha awa biyu kafin kwanciya. In tashin ya kai sau uku ko huɗu, ko fitsarin na fita da ƙyar, a gwada sukari, maza kuma a duba ƙwayar nan da ke ƙarƙashin mafitsara wadda ke ƙara girma da shekaru. Kuma duk lokacin da za ka tashi cikin dare, zauna a bakin gado tukuna, ka ƙirga ashirin, kafin ka miƙe. Jini na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya hau kai, jirin nan shi ke kayar da mutane. Bar ƙaramin haske a hanya, ka kawar da takalma da wayoyin lantarki daga inda kake takawa.

Ba-zatar da ta fi taɓa ni ba a gwiwa ko ido take ba. Ranar da wani magidanci mai gemu, wanda nake gani kamar sa'ana, ya tashi ya ce, “Baba, ga wuri zauna,” sai da na waiga in ga da wa yake. Shawarata ita ce ka karɓa, ka yi godiya, ka zauna. Alheri ya yi maka, kada ka mayar masa da shi. Na kuma lura cewa abubuwan da ke hana ni barci ina ɗan arba'in, wane ya ce kaza, wane bai gaishe ni ba, yanzu ko a jikina. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta shafe shekaru tana nazarin wannan, ta nuna cewa in mutum ya fara jin lokaci na da iyaka, yakan rage tarkacen hulɗa ya riƙe mutanen da suka fi masa muhimmanci, kuma yawanci hankalinsa ya fi kwanciya. Na ga haka a kaina. Hawaye kuma sun matso kusa. Ranar da jikata ta fara karanta sunanta da kanta, sai da na cire tabarau na goge ido, ban kuma ɓoye mata ba.

Ka samu mutum ɗaya ko biyu sa'anninka da za ku riƙa faɗa wa juna irin waɗannan abubuwa ba kunya. Ni da matata mun mayar da shi hirar dare: kowa ya kawo abin da jiki ya yi masa yau. A irin wannan hirar ce ta ce mini, “Malam, kwana uku ke nan kana ƙara murya a rediyo,” kuma ita ta sa na je aka duba kunnena. Ni kuma na lura tana dafa bango in za ta sa takalmi, yanzu tare muke tsayuwar ƙafa ɗaya.

Allurar da na fara da ita kuwa, akwai ɗan abin zura zare mai siririyar waya a baki: ka tura wayar ta kafar, ka sa zare a cikinta, ka ja. Da shi nake aiki. In kuma babu, sa farar takarda a bayan allura, ka yanke bakin zaren a karkace da almakashi mai kaifi, ka riƙe zaren gajere tsakanin yatsu biyu, ka kawo allurar wurin zaren maimakon ka kai zaren wurinta. Ranar da jikata ta zo, takan zura mini allurar hannu guda shida, fari uku baƙi uku, ta soke su a jere a jikin ɗan matashin da ke gefen keke, su kai ni har ƙarshen mako.